Hayar babban gida a kan tsauni don hutun iyali: abin da ake tambaya kafin a biya kuɗi

Tambaya: Mu goma sha takwas ne, gida uku 'yan uwan juna. Akwai mahaifiyarmu mai shekara 74, akwai yara bakwai, ƙaraminsu bai cika shekara biyu ba. Muna son mu kama babban gida guda a yankin tsaunuka mu yi mako ɗaya tare, maimakon mu warwatsu a ɗakunan otal. Na ga gidaje da yawa a intanet, kowanne an rubuta yana ɗaukar mutum ashirin. Me zan duba kafin in biya, kuma me ya fi ɓata irin wannan hutu?

Amsa: Malam, kada wannan "mutum ashirin" ya ruɗe ka. Gadaje mai gida ya ƙirga, har da kujerar falo da ake buɗewa ta zama gado, da katifar da ake jawowa daga ƙarƙashin wani gadon. Abin da zai nuna ko gida zai iya da mutum goma sha takwas har tsawon mako shi ne ruwansa, wutarsa, banɗakunansa, yadda ake ɗumama shi, da hanyar da ta kai ƙofarsa. Waɗannan kuwa ba sa fitowa a hoto. A cikin gari in ɗayansu ya lalace, waya ɗaya za ka buga a zo a gyara. A kan tsauni mai gyara na iya kwana biyu bai iso ba, ku kuma kwana bakwai kawai kuka biya.

Ka fara da tsayin wurin daga teku, domin shi kaɗai zai iya soke gida tun ba ka duba sauran ba. Ka nemi mai gida ya turo maka ainihin alamar wurin a taswira, ka buɗe Google Earth ka ɗora a kai, zai nuna maka tsayin da mita. Ga iyali mai tsohuwa da ɗan goye, ni dai shawarata gidan ya kasance tsakanin mita 800 zuwa 1,800. Za ku ga duwatsu har ku ƙoshi, iska ta yi sanyi mai daɗi, kuma yawancin mutane ba za su ji wani canji a jikinsu ba. Daga wajen mita 2,500 zuwa sama ne ciwon tsauni ke fara kama mutane, saboda kowane numfashi yana kawo iskar oksijin ƙasa da wadda jiki ya saba. Yakan bayyana cikin awa 6 zuwa 24 bayan isowa: ciwon kai, tashin zuciya, kasala, barci ya ƙi zuwa. Ba ruwansa da ƙarfin jiki, matashi mai motsa jiki kullum na iya kwantawa kakarsa tana zaune garau. Tsayin da ake kwana a kansa shi ne abin lura, ba wanda aka hau da rana aka sauko ba, don haka babu laifi ku kwana a mita 1,500 ku je kallo sama da haka ku dawo kafin yamma. Wanda ciwon ya kama kada ya ƙara hawa. In kuwa numfashi na sarƙe masa yana zaune, ko yana tangaɗi in ya miƙe, ko magana ta fara rikice masa, a sauko da shi nan take ko da tsakar dare ne, a kai shi asibiti.

Akwai waɗanda ƙa'idarsu ta fi wannan tsanani. Mai ciwon sikila na iya samun tashin ciwo a tsayin da bai kai mita 2,500 ba, domin ƙarancin oksijin da sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna cikin manyan abubuwan da ke tayar da shi, tsauni kuwa ya haɗa duka ukun. Haka mai ciwon zuciya, mai ciwon huhu na dindindin, da mace mai juna biyu. In Hajiya na da ɗaya daga cikin waɗannan, ko akwai mai sikila a cikin yaran, a je wa likita da lambar tsayin a rubuce. Ce masa "za mu je tsauni" kawai ba zai ishe shi yanke hukunci ba.

Tsayi kuma shi ke yanke sanyin da za ku sha. A matsakaici, zafi na raguwa da kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000. In garin da ke gindin tsaunin yana digiri 24 da rana, gidan da ya fi shi tsayi da mita 1,500 yana wajen digiri 14, da dare kuma sai abin da ya ragu. Manhajar hasashen yanayi galibi na garin kusa take nunawa, shi ya sa mutane ke zuwa da kayan da ba su dace ba. Inda gidan ya fuskanta ma na da tasiri sosai. A arewacin duniya gangaren da ke kallon kudu shi ke samun rana, a kudancin duniya kuma akasin haka. Gidan da ke can ƙasan kwari tsakanin duwatsu biyu rana na makara kafin ta leƙo shi, ta kuma ɓuya da wuri, sannan iska mai sanyi tana gangarowa ta kwanta a kwarin da dare. Tambayi mai gida kai tsaye: a watan da za mu zo, ƙarfe nawa rana ke shigowa baranda, ƙarfe nawa take faɗawa bayan dutse?

Sai hanya. Babbar hanya ba ita ce matsala ba, kilomita biyu ko uku na ƙarshe su ne. Ka tambaya kwalta ce ko burji, ƙaramar mota mai ƙasa-ƙasa tana hawa ko sai mai jan ƙafa huɗu, yaya take zama bayan ruwan sama, wa ke share ta in dusar ƙanƙara ta sauka, kuma mota nawa filin gidan ke ɗauka har su iya juyawa. Mutum goma sha takwas da kayansu mota huɗu ne ko bas guda da mota ɗaya, kuma juya bas a kan gangara da dare ba wasa ba ne. Nisa ma da minti za ka tambaye shi, ba da kilomita ba: minti nawa zuwa asibitin da ke karɓar gaggawa dare da rana, minti nawa zuwa babban kanti, minti nawa zuwa gidan mai. Kilomita 20 a hanya mai kwana-kwana na iya cin minti 45. Da tsohuwa da jariri a tafiyar, in asibiti ya wuce tafiyar awa ɗaya, ni zan nemi wani gidan.

Ba a fafe gora ranar tafiya: a duba birki, taya da ruwan lagireto tun ana saura mako. Injin da ba shi da tarbo yana rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 1,000, don haka mota cike da mutane za ta ji nauyi a hawa, ba lalacewa ta yi ba. Haɗarin na wajen saukowa. Direban da ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa zai sa ya yi zafi, ya fara wari, ya daina kamawa, wani lokaci man birkin ma ya tafasa feda ta nutse. A sauko da giya ta biyu ko ta uku, injin ya riƙe motar, birki kuma a taka da ƙarfi na ɗan lokaci a saki. Mota mai giyar kanta a sa ta a L ko 2, ko a koma canza giya da hannu. A siririyar hanya, a ƙasashe da yawa mai saukowa ne ke ba mai hawa hanya. Dokokin lokacin sanyi kuma sun bambanta: a Faransa, tun 2021, yankunan tsaunuka da aka ayyana suna buƙatar tayar sanyi ko sarƙar taya a mota daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, a Ostiriya kuwa daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu in akwai ƙanƙara a hanya. In bas za ku yi haya, ku sani a Turai lasisin ƙaramar mota bai wuce fasinja takwas da direba ba. Ku kuma tsara ku iso da sauran rana.

Kan ɗakuna, ka nemi zanen tsarin gidan, ka raba mutane a takarda kafin ka biya: wa zai kwana ina, a kan wane irin gado. A nan ne za ka gano cewa ɗakuna shidan da aka ce, biyu na gado mai hawa biyu ne, ɗaya kuma sai an ratsa ta wani ɗakin ake shigarsa, wani yana can a ƙaramin gini a waje. Banɗaki ɗaya ga mutum huɗu ko biyar shi ne iyaka, wato ku kuna buƙatar aƙalla huɗu. Hajiya a sama mata ɗaki mai banɗaki a ciki, mai shawa da ake shiga a tsaye, ba kwamin da sai an ɗaga ƙafa an tsallaka ba. Ka yi hattara da "hawan ƙasa" a gidan tsauni. An gina shi a jikin gangara, don haka ɗaki na iya zama a ƙasa ta fuskar lambu amma daga wurin ajiye mota matakala talatin ce. Gani ya kori ji: mai gida ko mai kula da gidan ya kira ka ta bidiyo, ya fara daga inda mota ke tsayawa, ya tako har ɗakin, kana ƙirga matakala. Ya nuna maka teburin cin abinci ka ƙirga kujeru, ya buɗe firji ka ga girmansa. Firji ɗaya ba ya isar mutum goma sha takwas, kuma tukwanen irin waɗannan gidaje sau da yawa na girkin mutum shida ne.

Ruwa shi ne abin da ya fi kunyata manyan gidajen haya, don haka zan ɗan tsaya a kansa. Gidan da ke nesa da gari sau da yawa ba ya kan famfon gwamnati, daga rijiyar burtsatse ko idon ruwa ake turawa tanki. Mutum ɗaya a gida mai shawa da banɗakin zamani yana cin lita 100 zuwa 150 a rana. Ku ke nan lita 1,800 zuwa 2,700. Tankin lita 5,000 kwana biyu zai yi muku in ba a ƙara ba. To me ke cika shi? In famfon lantarki ne, ranar da wuta ta ɗauke ruwa ma ya ɗauke. In idon ruwa ne, yana raguwa a ƙarshen rani. Ka tambayi girman tankin, awa nawa yake ɗauka ya cika, da ko an gwada ruwan an tabbatar ana sha. In ba a gwada ba, a tafasa shi minti ɗaya yana ɓararraka, sama da mita 2,000 kuma minti uku, ko a sayo na roba, musamman don madarar jariri. Ruwa na tafasa da wuri a sama: a mita 2,000 wajen digiri 93 yake tafasa maimakon 100, shi ya sa duk abin da ake dafawa a ruwa ke jan lokaci. Tukunya mai matse tururi tana magance wannan.

Ruwan zafi kuma ga lissafinsa. Shawa na zubar da lita 8 zuwa 10 a minti, wankan minti takwas ya ci kusan lita 70. In tanki na riƙe ruwa a digiri 60, na sanyi kuma yana shigowa a digiri 10, kusan kashi 60 cikin 100 na ruwan wankan daga tankin zafi yake fitowa, wato lita 42. Tankin lita 300 zai ba da wanka shida, in an yi sa'a bakwai, na takwas ruwan ƙanƙara zai sha. Kuma hita mai kilowat 3 tana buƙatar kusan awa shida kafin ta mayar da wannan tankin yadda yake. Da wannan lissafin za ka auna amsar mai gida. In ya ce tanki ɗaya ne na lita 200 ko 300, ba lallai ka fasa ba, amma ku raba wanka: yara da yamma, manya kashi biyu da safe da rana, kuma kada a kunna injin wanki a lokacin. In ya ce akwai tanki biyu, ko hita mai dafa ruwa nan take da gas, to gidan an shirya shi don taro da gaske. Gidan da ya daɗe a rufe, a buɗe tagogin banɗaki a saki famfo da shawa su zuba na wasu mintuna kafin kowa ya yi wanka, domin ƙwayar cutar lijiyonela tana yaɗuwa a ruwan da ya kwanta mai ɗumi tsakanin digiri 20 zuwa 45, ta tururin shawa kuma ake shaƙarta.

Inda ruwan ke tafiya ma abin tambaya ne. Irin waɗannan gidaje sokawe gare su, kuma an auna shi da yawan mutanen da aka yi gidan dominsu. Tsumman goge jariri, audugar mata da man girki su ke toshe shi, ko da an rubuta a jikin ledar cewa ana iya korawa. A ajiye kwandon shara a kowane banɗaki, a gaya wa kowa tun daren farko. In kun ji banɗakin ƙasa yana gurnani ko ruwa na dawowa ta magudanar shawa, a dakatar da wanka da wanki a kira mai gida, kada a zuba sinadari. Toshewar da baƙo ya jawo galibi daga kuɗin ajiya na ɓarna da ya bayar ake cirewa.

Wuta a taƙaice: tambayi ko gidan na kan babban layi ne ko sola da batir, da abin da ake yi in ta ɗauke. Layin soket mai amfiya 16 a wutar bolt 230 bai wuce kilowat 3.7 ba. Butar lantarki kilowat 2 zuwa 3 ce, hitar ɗaki kilowat 2, na'urar busar da gashi kusan haka. Biyu a layi ɗaya sun isa bireka ta faɗi. A ƙasashen da ke amfani da bolt 120, layin amfiya 15 kilowat 1.8 ne kacal. Ranar isowa a nuna maka akwatin bireka da makunnin rufe ruwa da na gas. Gidan sola kuwa, kayan da ke jan wuta da yawa da rana ake kunna su. Wayifai na mutuwa tare da wuta, don haka ka tambayi wane layin waya ke kamawa a cikin gidan, ka sauke taswirar yankin a waya tun kana gari, ka rubuta lambar gaggawa ta ƙasar da ainihin alamar wurin gidan ka manna a jikin firji. A ƙasashen Tarayyar Turai 112 ce, a Amurka da Kanada 911.

Yanzu ga abin da ya fi komai haɗari, kuma shi ne aka fi mantawa. Duk abin da ke ƙona itace, gawayi, gas ko fetur yana iya fitar da iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Gidan tsauni an toshe kowace kafa don sanyi, saboda haka in bututun hayaƙi ya toshe, iskar cikin ɗaki take taruwa. Alamominta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da jin barci, wato daidai irin na ciwon tsauni ko gajiyar hanya, shi ya sa mutane ke shan maganin ciwon kai su kwanta. Ga yadda ake bambancewa: in mutane da yawa sun kamu lokaci guda a cikin gida, suna kuma samun sauƙi in sun fita waje, to kowa ya fita, a bar ƙofofi a buɗe, a kira agajin gaggawa. Ka tambayi mai gida ko akwai na'urar gano wannan iska da ta gano hayaƙi a kowane hawa, ranar isowa ka danna maɓallin gwaji da hannunka. Ni dai zan ce ka sayi taka mai batir ka tafi da ita, girmanta bai wuce tafin hannu ba. Kada a shigo da murhun gawayi ɗaki don jin ɗumi, ko da wutar ta lafa. Kada a ɗumama gida da murhun girki na gas. Janareto a waje yake zama, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, ba a gareji ba.

In akwai murhun ɗumama falo mai itace, a nuna muku yadda ake buɗe marfin bututun kafin a kunna, domin in yana rufe hayaƙi falo zai cika. Busasshen itace ake sawa, ɗanye hayaƙi yake yi ya kuma tara baƙin dattin hayaƙi mai kama wuta a bututu. Toka na riƙe garwashi fiye da kwana ɗaya, a kwashe ta a bokitin ƙarfe a ajiye waje nesa da katako. Ka tambaya ko itacen na cikin kuɗin haya, da lokacin da aka share bututun na ƙarshe, wanda ya kamata a yi aƙalla sau ɗaya a shekara.

Da yara bakwai, babba ɗaya ya zagaya gidan kafin a sake su. Tazarar sandunan baranda kada ta wuce santimita 10, a kuma janye kujeru da tebur daga jikinta, domin su yaro ke takawa. Yaron da bai kai shekara shida ba ba ya kwana a saman gado mai hawa biyu. Matakala na buƙatar ƙyauren tare yara, murhu na buƙatar shinge. In akwai kwamin ruwan zafi a waje, zafinsa kada ya wuce digiri 40, 'yan ƙasa da shekara biyar ba sa shiga, marfinsa kuma a kulle. Ka duba bayan gida: rafi, tafki ko gangara mai tsayi. Matsalar taro ita ce kowa na zaton wani na kallon yaron, don haka a riƙa naɗa mutum ɗaya da suna, in zai tashi ya miƙa wa wani.

Batun kuɗi. Kuɗin dare ɗaya da ke kan talla ba shi ne jimilla ba. Ka nemi a rubuto maka duka: kuɗin share gida, zannuwan gado da tawul, itace, wutar da mita ta ci, harajin baƙi inda ake karɓa, da kuɗin ajiya na ɓarna tare da ranar da za a mayar. Galibi ana ba da kafin alƙalami na kashi 25 zuwa 50 cikin 100, a cika sauran ana saura mako huɗu zuwa takwas, kuma a lokacin cunkoso manyan gidaje mako cur ake bayarwa, sau da yawa Asabar zuwa Asabar. Irin girman da kuke nema ba su da yawa, ana kama su watanni shida zuwa shekara kafin lokaci. Ka karanta sharaɗin fasawa da kyau. Da mutum goma sha takwas, da wuya a rasa wanda wani uzuri zai taso masa, kuma raguwar mutane ba ta rage kuɗin gida. Inshorar tafiya tana da amfani a nan, amma a bayyana mata ciwon da Hajiya ke da shi tun farko, in ba haka ba, suna iya ƙin biya.

In ta Airbnb, Vrbo ko Booking.com ka samo gidan, magana da biya su tsaya a cikin shafin yadda ya tsara. Wanda ya ce ka turo kuɗi asusunsa kai tsaye zai rage maka, ka bar shi, domin da zarar ka fita daga shafin ka rasa kariyarsa. 'Yan damfara manyan gidaje suka fi so saboda kafin alƙalaminsu na da tsoka. Ka sa hotunan a Google Lens, manhajar bincike da hoto, ka ga ko suna wani wuri da wani suna, ka duba hoton tauraron ɗan adam ka tabbatar akwai gini a wurin. Wajen karanta ra'ayin waɗanda suka taɓa zama, ka nemi na manyan ƙungiyoyi kuma na watan da za ku je. Yabon mata da miji da suka kwana biyu da bazara bai gaya maka komai game da ruwan zafi ba. Ka faɗi ainihin yawanku har da jariri, domin wuce adadin da aka yarda na iya sa a soke hayar ba tare da mayar da kuɗi ba. In akwai baƙin da za su zo yini, a nemi izini a rubuce: Airbnb ya haramta shagalin taro gaba ɗaya tun 2022, ya kuma haramta kyamarar tsaro a cikin gida daga 30 ga Afrilu, 2024, amma ta waje tana nan in an bayyana ta.

Tsakaninku 'yan uwa kuma, mutum ɗaya ne zai sa hannu, shi ne kuma zai amsa duk ɓarna, saboda haka ya karɓi kason kowa kafin ya biya kafin alƙalami, ba bayan an dawo ba. Raba kuɗin gida bisa ɗaki ya fi adalci a kan bisa kai, mai babban ɗaki da banɗaki ya ɗan fi biya, kuɗin cefane kuma a raba bisa yawan baki. A yanke wannan, da wanda zai kwana a ina, tun a gida.

Fita yawo ba ya buƙatar dogon bayani, sai abu uku. Wajen auna lokaci akwai ƙa'idar da wani ɗan Sikotlan mai hawan dutse, William Naismith, ya kawo a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Wannan na babba mai lafiya ne ba tare da hutu ba, da yara ka ƙara rabin lokacin ko fiye. Na biyu, a lokacin zafi hadari a tsaunuka da rana tsaka zuwa la'asar ya fi haɗuwa, don haka a fita da sassafe. In an ji tsawa a sauka daga tudu a shiga gini ko mota, a jira minti 30 bayan ta ƙarshe. Na uku, sanyi na sa a raina rana, alhali haskenta mai ƙona fata na ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a kowace mita 1,000, sabuwar dusar ƙanƙara kuma na mayar da har kashi 80 cikin 100 na hasken sama. Hula, tabarau da man kare fata na kowa ne, komai duhun fatarsa, ruwan sha kuma a ƙara, don busasshiyar iska na zuƙe jiki ba a sani ba. Yaran da suka yi wasa a ciyawa a duba su da yamma saboda kaska, a bayan kunne, hammata da bayan gwiwa. In an samu, a kama ta da hantsaki dab da fata a ja a hankali, kada a matse cikinta ko a ƙona ta.

Ranar isowa, kafin a shigo da jaka ko ɗaya, ka ɗauki bidiyon kowane ɗaki, da duk tabo ko fashewa da ka gani, da lambar mitar wuta, ka tura wa mai gida a ranar ta inda kuka yi yarjejeniya. Ranar tafiya ka sake yin haka bayan an kwashe kaya. Ka tambayi inda ake kai shara, domin motar shara ba ta hawa irin waɗannan wurare, kuma a yankunan da ke da beyar, wata babbar dabbar daji, ko birai ba a barin ta a waje ta kwana. In lokacin sanyi ne kada ka kashe ɗumamar gidan gaba ɗaya sai mai gida ya ce, don ruwan da ya daskare a bututu yana fasa shi. Lokacin fita galibi ƙarfe goma ne na safe, mutum goma sha takwas kuwa ba sa haɗa kaya su yi wanka su share kicin cikin awa biyu, saboda haka a loda motoci tun daren jajibiri.